Babu Kowa a Ɗakin Inna

A layin 'yan albasa na kasuwar Malanville kowa ya san Issufu, kuma ba a taɓa samun wanda ya yabi fara'arsa ba. Dogo ne siriri, shekararsa hamsin da huɗu, yana da hancin da ke jiyo ruɓaɓɓiyar albasa guda a tsakiyar buhu tun ba a kwance bakinsa ba. Manoman Garou da Madécali suna shakkarsa, amma shi suke nema, don in ya taya kaya ba ya ƙari, kuma ba ya cin awo. Sallarsa a kan lokaci, bakinsa ba ya cikin maganar kowa. Aibinsa guda ɗaya ne, ya kuwa isa: kishin ƙanensa Rachidi yake yi, kishi irin mai hana tuwo wucewa.

Kada a yi saurin zarginsa. Issufu ɗan fari ne, kuma a gidaje irin nasu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa, in magana ta kama sai ta bi da ita ta bakin wani. Kunya ce, kowa ya san kunya ce, shi ma ya sani. Sai dai sanin bai taɓa rage masa zafin abin ba. Ana yaye shi aka kai shi Garou wurin kakarsa, can ya tashi cikin fadamar albasa. Yana da shekara goma sha biyar ya dawo gari, ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Ummul-Khairi, goye da autanta tana yi masa kirari. Tun daga ranar kunnensa bai huta ba. Rachidi zo ka ci, Rachidi ina takalminka, Rachidi Allah ya shirye ka. Shi kuwa sunansa a bakin Inna "wancan". Har telan unguwa da aka yi rashin sa'a sunansa Issufu, shekara talatin "Tela" kawai Inna take ce masa.

Rachidi ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya iya Faransanci, ya zama mai fitar wa 'yan kasuwa takardun kaya a duwan, ofishin kwastan. Allah ya buɗa masa. Ya gina gida mai bene a hanyar Kandi, ya sa kilim a kowane ɗaki, wato na'urar nan mai hura sanyi. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce yayansa bai durƙusa ba, kuma wannan ladabin ma haushi yake ba Issufu, don ya hana shi samun abin kamawa. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai. Tun rasuwar mahaifinsu Inna a gidansa take, tsohon gidan gado, kamar yadda ya dace da babban ɗa. Ko ba ta kiran sunansa, tuwonsa take ci, ƙarƙashin kwanonsa take kwana.

Bazarar bara ce ta taɓa masa wannan ɗin ma. Zafi ya yi zafi, Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin randa, likita ya ce a nema mata wuri mai sanyi. Kafin Issufu ya gama tunanin inda zai samo fanka ta biyu, Rachidi ya iso da mota ya ɗauke ta. Kwana ashirin da uku ta yi a can. 'Yan layin albasa, waɗanda ba su da aiki sai tsokana, kullum sai wani ya leƙo rumfarsa ya ce, "Ina labarin Inna? An ce ta koma gidan auta." Da ya je gaishe ta, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar baƙo, ya same ta lulluɓe da bargo a tsakiyar watan Afrilu, tana dariyar wani abu da Rachidi ya faɗa. Tana ganinsa ta gyara mayafi ta juya fuska, kamar yadda ta saba. Ranar bai ci abinci ba. Ya rantse a ransa Inna ba za ta sake yin bazara a gidan kowa ba.

Saboda haka bana, kamiyoyin farko, manyan motocin dakon albasa, suna tashi zuwa Kutonu, ya kira Yacouba mai gyaran sanyi, wani gajere mai yawan magana da ya koyi aikinsa a Parakou. Aka yi wa ɗakin Inna silin, aka liƙe tagogin nan biyu da gilashi, aka toshe ƙasan ƙofa da roba, aka kafa kilim fari sol. Issufu ya zagaya shi, ya ɗaga kai ya dube shi, sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Irin na Rachidi na?"

"Shi na sak, Baba Issufu. Kamfani guda."

"To ba ni so. Wanda yaf hi nashi nika so."

Yacouba ya sosa ƙeya. Bayan kwana huɗu ya dawo da wani ɗan abu fari da bai kai tafin hannu ba, mai ɗan ido a goshi, ya manna shi a bango kusa da ƙofa. Ya ce sunansa tarmosta, kuma duk Malanville ba a yi mutum biyar masu shi ba. Shi zai riƙa jin zafin ɗakin yana ba kilim umarni. Ya haɗa shi da wayar salular Issufu, ya nuna masa yadda zai ƙara sanyi ko ya rage daga rumfarsa ta kasuwa. Sannan ya nuna masa wani ɗan hoton mutum a fuskar salular.

"Ka ga ɗan mutumen ga? In ya yi kore, akwai mutum cikin ɗaki. In idon ya daɗe bai ga kowa ba, sai mutumen shi yi toka, abin kuma shi kashe kilim da kainai. Ba ka biyan kuran, wutar lantarki ke nan, don sanyaya bango."

"Rachidi na da shi?"

"Ko jin labarinai bai yi ba."

Nan take Issufu ya ce a bar shi. Da Yacouba ya ce masa abin yana dafa shayi ma, da bai ƙara masa daraja ba kamar wannan amsar.

Da yamma aka shigar da Inna. Ta zauna bakin gado, ta shafa zanen da ya yi sanyi. Issufu ya tsaya a tsakar gida daidai ƙofar, ya ɗaga murya yana yi wa matarsa Balkisu bayani, ita da ke tsaye kusa da shi ba ta kuma kurumce ba.

"Kin gani? Daga kasuwa nika kunna shi, daga kasuwa nika kashe shi. Komi na hannuna. Wanga ba irin na wasu ba na, da ka shan kuran awa raƙumi. Kuma kar a buɗe ƙohwa, sanyi shina hita."

Can daga ciki Inna ta ce, "Balkisu, ce ma wancan Allah shi yi albarka."

Ya kwana yana juya wannan maganar a ransa.

Kwana biyun farko babu wanda bai ga salular Issufu ba a layin albasa. Mai saye zai zo neman buhu uku, sai ya tsinci kansa yana kallon ɗan koren mutum. A rana ta uku, bayan an fito sallar azahar, ya zauna a kan buhu ya ciro salular don ya nuna wa wani direba, sai ya ga mutumin ya yi toka. Ya girgiza ta, ya goge fuskarta da bakin riga. Toka dai. Ya mayar da ita aljihu, direban bai ga komai ba. Ana kiran la'asar ya sake dubawa, ya ga kore.

Washegari haka. Jibi haka. Kullum bayan azahar da kamar rabin awa ɗakin Inna babu kowa, kullum da la'asar ta dawo.

Ina tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta je a tsakiyar rana, lokacin da ko awaki sun nemi gindin bango? Issufu bai ɓata lokaci wurin neman amsa ba, don amsar ta daɗe zaune a cikinsa tana jiran tambaya. Balkisu tana fita da azahar zuwa wurin da suke turara shinkafa da matan unguwa, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Yara suna lakwal. Gidan yana da ƙofar baya mai fita lungu, kuma mota tana shiga lungun. Ya ga abin a idon zuciyarsa tiryan-tiryan: Rachidi ya tsaya, ya buɗe mata ƙofar mota, ta shiga tana kiran sunansa, su tafi gidan bene ta sha sanyin da ta fi so, kafin la'asar ya dawo da ita kamar ba a yi ba. Wato sanyinsa ma bai kai na auta daɗi ba.

Ya gwada Balkisu sau ɗaya, a kaikaice, yana wanke hannu.

"Inna na wuni ɗaki kuwa?"

"Ciki nika barin ta, ciki nika iske ta. Ka san ba ta son a dame ta tsakanin azahar da la'asar, lokacin wuridinta na. Mi ya hwaru?"

"Babu komi."

Ciki take barin ta, ciki take iske ta. To ai shi ke nan, maganar ta zauna daidai inda yake so. Mutum mai hankali da ya tashi daga rumfa rana ɗaya ya je gida ya duba, tafiyar minti bakwai ce a moto, wato babur. Amma Issufu tsoron abin da zai gani yake yi. Gara masa ya zauna a kan buhu yana kallon ɗan mutum mai toka yana cin ransa, da ya buɗe ƙofa ya ga gado wayam. Ya daina nuna wa kowa salular. Ya yi wa wani manomin Toumboutou tsawa a kan albasar da ba ta da laifin komai. Da Rachidi ya zo gaisuwar Juma'a ya durƙusa masa, sai ya amsa da hanci ya shige bayi. Abin da ya fi ba shi haushi, katin kuran da ya sa ya ƙi ƙarewa, kamar yadda Yacouba ya yi alkawari. Kullum ya duba sai ya ga saura da yawa, ya ce a ransa, ai dole, tunda mai ɗakin tana can gidan ɗanta.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a haka. Rana ta goma sha biyu Asabar ce, kasuwa ta cika, rana kamar ta sauko ƙasa. Yana tsakiyar ciniki da wata Bayarabiya ya leƙa salula ya ga toka, sai wani abu ya tsinke masa. Ya bar matar da buhu a buɗe, ya hau moto, bai nufi gidansa ba. Hanyar Kandi ya kama. Ya yi niyyar yau sai ya kama su, ya tsaya a gabansu da takalminsa, ya ga ko Inna za ta iya juya fuska.

Ya tarar da Rachidi shi kaɗai a falo, da singileti, yana cin dambu.

"Yaya! Lahiya da rana haka? Bismilla."

"Ina Inna?"

"Inna? Ba tana gida ba?"

"Kar ka maishe ni yaro, Rachidi. Kullum da azahar kana zuwa ta lungu kana ɗaukar ta. In sanyina bai yi mata ba, a hwaɗa mani gaban ido. Na girme ka nesa ba kusa ba."

Rachidi ya ajiye cokali. "Wallahi rabona da Inna tun jiya da na zo gaisuwa. Sau ukku bana ina roƙon ta ta zo ta yi ko kwana biyu, tac ce wancan ya yi wahala ya gyara mata ɗaki, ba ta kunyata shi. Wa yac ce ma tana hita?"

Issufu ya miƙa masa salular kamar mai miƙa shaida gaban alƙali. Rachidi ya karanta rubutun Faransancin da ke ƙarƙashin hoton, wanda yayansa bai taɓa kula da shi ba. Ya sake karantawa. Sai fuskarsa ta canza.

"Yaya, abin ga ba mutum shika gani ba. Motsi shika gani." Ya miƙe yana neman makullin mota. "Ka san yadda Inna ka zama in tana wuridi."

Ya sani. Tun yana saurayi ya sani. In ta sallame azahar takan jingina da bango a kusurwar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe hannuwanta da carbin, ba ta ko kaɗa ƙafa har sai an kira la'asar. Kuda ma yakan sauka a goshinta ya gaji ya tashi.

Bai san yadda ya iso gida ba. Ya bar moto a kwance a ƙofar zaure, ya ratsa tsakar gida da gudu, ya tura ƙofar da ya ce kar a buɗe. Zafin da ya fito ya dake shi a fuska kamar an buɗe tanda. Ɗaki a liƙe, tagogi a liƙe, kwano a sama yana shan rana. Yana sa ƙafa ɗan idon nan ya gan shi, kilim ya yi ƙara ya fara hura sanyi, don ga mutum ya shigo.

Inna tana kusurwarta. Mayafinta ya jiƙe ya manne mata a kafaɗa, leɓɓanta sun bushe. Kusa da ita ga ƙwaryar ruwa da wani tsumma da take jiƙawa ta ɗora a wuya kafin ta zauna, ya riga ya bushe ƙayau. Ta buɗe ido ta ga wanda ya shigo, sai ta yi ƙoƙarin gyara mayafin, ta juya fuska ga bango. Issufu ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Shekara hamsin da huɗu bai taɓa fara yi mata magana kai tsaye ba, bai san ta inda ake farawa ba.

Rachidi ya shigo yana haki, ya durƙusa ya kai mata ruwa baki. Ta sha kaɗan. Ya ce, "Inna, don Allah, kwana nawa kina cikin wanga? Mi ya hana ki magana? Mi ya hana ki buɗe ƙohwa?"

"An ce sanyi na hita," in ji ta. Ta numfasa. "Da hwari na zaci kuran anka ɗauke. Sai na ga 'yar hitilar abin na nan kunne. Na ce to, daga kasuwa na shika kashewa." Ta dafa hannun autanta, idonta na kan bango. "Rachidi, ce ma wancan ban kai ƙara wurin kowa ba. In kuran na da tsada, shi ci gaba da kashewa. Daga azahar zuwa la'asar na kawai, ina iyawa."

Issufu ya fita tsakar gida ya zauna a ƙasa, cikin rana, ya rufe fuska da hula. Kwana goma sha biyu yana zargin ta da gudun gidansa, ita kuwa tana zaune cikin wuta tana zaton shi ke hura ta don tsimin kuran, ta kuma yi shiru don kada a ce ɗan farinta marowaci ne. Kuka ya yi, irin na manya, mai fita da ƙyar. Kuma don a faɗi gaskiya duka, a tsakiyar kukan ma sai da ya lura cewa hannun Rachidi ta dafa.

Gyaran bai ɗauki Yacouba minti biyu ba. Ya danna wani wuri, ya ce daga yau ko ɗakin ya shekara babu motsi kilim ba zai mutu ba. Ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa Turawan da suka ƙera abin ba su san akwai mai iya zama awa biyu ko yatsa bai ɗaga ba. Issufu ya sa ya cire gilashin taga ɗaya ya mai da mai buɗewa. Rachidi kuma ya zauna ya yi wa Inna bayani dalla-dalla cewa ba yayansa ke kashewa ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To." Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, Issufu bai sani ba, kuma ba shi da bakin tambaya.

Shi ya sa tun daga ranar, duk wanda ya zo layin albasa tsakanin azahar da la'asar sai ya tarar da rumfarsa a rufe da buhunan wofi, ko da ranar kasuwa ce. Yana sallame sallah yake hawa moto. Balkisu ba ta fita wurin shinkafarta sai ta ga shigowarsa. Yakan shiga ɗakin Inna ya zauna a tabarma daga bakin ƙofa, ya ba ta rabin baya, ita tana kusurwarta ta ba shi rabin baya. Ba ya cewa komai, ba ta cewa komai. In an kira la'asar ya tashi. Maƙwabtansa na kasuwa sun ce cinikin da yake bari a waɗannan awoyin ya ninka abin da na'urar za ta taɓa rage masa na kuran, kuma gaskiyarsu. In wani mai shirin sa kilim ya tambaye shi ko tarmosta ta cancanci kuɗinta, sai ya ce tana rage wuta ƙwarai, ya gani da idonsa, amma mai tsohuwa a gida ya fara sanin yadda take zama.

Kishin kuwa yana nan, bai je ko'ina ba. Ranar Juma'a in Rachidi ya zo, dariyar Inna takan fito har tsakar gida, Issufu ya tsuke fuska ya ce wa Balkisu miyar yau gishiri ya yi yawa.

Wata Alhamis, gab da faɗuwar damina, wani kamiyo ya makara wurin lodi, direban ya ƙi a bar shi. Issufu bai iso gida ba sai da azahar ta yi nisa. Ya kashe moto tun daga bakin lungu, ya shigo yana share gumi. Ya kai hannu zai tura ƙofar ke nan, sai ya jiyo muryar Inna ta sabuwar tagar, tana magana da Balkisu a ciki.

"Balkisu."

"Na'am, Inna."

"Wancan bai zo ba yau?"

"Bai iso ba tukuna, Inna. Wataƙila lodi na."

Issufu ya janye hannunsa daga ƙofar. Rana tana dukan ƙeyarsa, ga sanyi taku ɗaya a gabansa, amma ya koma gefen tagar ya jingina da bango mai zafi, ya tsaya. Ya daɗe a nan, gumi na bin bayansa, har ya ji ta sake cewa, a hankali, "Balkisu, leƙa ki gani. Bai saba daɗewa haka ba."